Bencin Baya na Baba Habila

An yi wani mutum a wani ƙauye na bayan dutse, sunansa Habila. In ka tambayi mutanen garin, wasu su ce maka salihi ne, wasu su ce wawa ne. Matan zumunta na majami'a kuwa cewa suke, “Ai Habila ko akuya ba ta tsoronsa.” Shi ne mai buga ƙarfen sujada a ƙaramar majami'ar Metodis da iyayensu suka fara a gindin ɗorawa, kafin su ɗaga bangon laka su yi jinka.

Ku saurara. Al'adarsu, kowane rani kowane gida ya kawo damin ciyawa a sabunta jinkar. Wata shekara an tara, sai gobara ta cinye ɗakin wata tsohuwa, Kande, wadda ba ta taɓa taka majami'ar ba. Habila ya kwashi ciyawar ya rufe mata ɗaki. Damina ta sauka, tsohuwar jinkar majami'a ta yi yoyo, bangon gabas ya zube.

Dattijo Gayus, shugaban dattawa, ya tsayar da shi gaban jama'a.

“Habila, wa ya ɗauki ciyawar Ubangiji?”

“Ni ne, Baba.”

“Da izinin wa?”

“Ban tambaya ba. Hadari na gani.”

Aka sa shi a horo: ya koma bencin baya, ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasar tarayya ta masu bi, sai ranar da dattawa suka yafe. Ba su yafe ba. Gayus kullum sai ya ce, “Sai Rabaran ya zo.” Rabaran ya zo a kekensa, ya ce, “Sai zuwa na gaba.”

Shekaru suka wuce. Samari suka tafi birni, wasu suka koma majami'u masu ganga da lasifika, tsofaffi aka kai su maƙabarta a bayan gari ɗaya bayan ɗaya. Habila yana buga ƙarfe, ya zauna a baya. Yana bugawa, ya zauna a baya, har ƙarar ƙarfen ta cinye masa kunnuwa.

Wata Lahadi, mutum biyu kaɗai suka zo. Gayus a gaba, benci duk wayam, Habila can baya inda aka ajiye shi.

'Yan'uwa, ba ruwan sama ne ya rushe wannan ikilisiya ba, jinkirin yafiya ne. Kowannenmu yana da wanda ya ajiye a bencin baya, a gida ko a zuciya. Ku je gare shi yau, tun kunnensa yana ji.

Gayus ya dogara sanda ya taka har baya, ya durƙusa. Habila yana kallon bakinsa yana motsi, bai ji komai ba, ya matsa masa wuri a kan bencin.

“Habila,” in ji Gayus da ƙarfi, “mu ne muka yi laifi. Ka yafe mini, ɗan'uwana. Ka yafe mini.”