Zoben Malam Ɗalhatu

Ku da kuke cewa ba gardamar da ta fi ƙarfinku, ku gyara zama. Ga wata na kawo muku, kuma tun yanzu ina gaya muku ni kaina ban raba ta ba.

A wani gari da ke kan hanyar Funtuwa an yi wani malamin kimiyya, Malam Ɗalhatu, wanda ya shekara talatin da uku yana koyarwa a sakandare. Duk wanda ya bi ta ajinsa, ko ya manta komai, bai manta ranar zobe ba. Malam yana da wata na'ura da ya haɗa da hannunsa: jar waya ce aka nannaɗe zagaye ɗaruruwa, da sandar ƙarfe tsaye a tsakiya. Sai ya zura zoben dalma a sandar, ya ce kowa ya yi shiru, ya danna makunni. Zoben ya yi sama har ya bugi silin, aji ya kaure da ihu.

Bayan ya yi ritaya sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Aka yi magani, ciwon ya lafa, amma Malam ya juya fuska ga bango. Ba ya magana, ba ya motsa hannun dama ko da an roƙe shi, abinci kuwa sai dai ya taɓa cokali biyu ya kau da kai. Likita ya ja matarsa, Gwaggo Laure, gefe ya ce, “Mama, jikin zai iya tashi. Mai jikin ne ba ya so.”

Shekara arba'in Gwaggo Laure tana tare da mutumin nan, ta san shi kamar yunwar cikinta. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta dama kunun gyaɗa, ta yi faten tsaki da yakuwa yadda yake so, duk a banza. Tana kallonsa yana ramewa kullum, tsoro ya cika mata ciki, don ta ga alamar mijinta sallama yake yi da duniya a hankali. Wata safiya tana shara ta jawo wani akwati daga ƙarƙashin gado. Jin ƙarar akwatin sai Malam ya waiwayo, abin da ya yi wata biyu bai yi ba. Ya dubi akwatin, ya sake juyawa ga bango.

Ta fita da akwatin zaure ta buɗe. Na'urar ce, amma wayar ta ƙone ƙurmus, zoben ya ɓata, garin kuma wata huɗu ke nan ba wuta. Gwaggo Laure ba ta san kimiyya ba, amma ta san abin da ta gani a idon mijinta. Ta aika wa tsofaffin ɗalibansa. Da yawa suka zo da lemo da ayaba, suka ce Allah ya ba da lafiya, suka kama gabansu. Uku ne suka ɗauki maganar da gaske.

Na farko Bara'u, mai naɗin wayar fanka da injin ban-ruwa a bakin kasuwa. Ya duba na'urar ya ce sai an sake naɗi, kuma ba a naɗi da ka, don Malam ya koya musu ƙarfin maganaɗisun yana bin yawan zagayen. Malam bai rubuta adadin a ko'ina ba, tambayarsa kuma ba ta da amfani. Sai Bara'u ya zauna yana warware ƙonanniyar waya yana ƙirgawa, tana farfashewa a hannunsa. Sau biyu lissafin yana kuɓuce masa, sau biyu yana tattara guntayen yana aunawa daga farko. Ya rufe shago kwana uku, masu jiran gyara suna ta zaginsa a cikin zafin bazara, har ya naɗa sabuwa zagaye ɗari takwas da sittin.

Gwaggo Laure ta ce a gwada a zaure, kada Malam ya ga abin ya ƙi. Bara'u ya aro batirin mota. Da yake ba zobe, ta cire awarwaron hannunta ta miƙa, na azurfa ne, tun na aurenta. Aka zura, aka danna, awarwaro ko gezau.

Na biyu Ɗan'azumi, mai zubin tukwanen dalma. Shi ne kurar baya a ajinsu, Malam ya sha cewa kansa ya fi dutsen niƙa tauri, ko da yake kullum shi yake ba ragowar ƙosansa. Yana tsaye a bakin ƙofa ya ce, “Gwaggo, ai awarwaronki yana da baki. Ni abu ɗaya na riƙe a karatun Malam: wutar da ke tashi cikin zobe zagayawa take yi, in ta tarar da tsaga sai ta tsaya. Zobe mai tsaga ba ya tsalle.” Bara'u ya dafe kai don kunya. Ɗan'azumi ya koma maƙerarsa ya narka dalma. Na farko ya yi nauyi, na biyu ya fito da ƙofofin iska, na uku ya matse sandar. Sai a na bakwai ya sami yadda yake so, marar nauyi, rufaffe, sumul. Ya kawo shi da tsumma ɗaure a hannu, don narkakkiyar dalma ta fallatsar masa.

Aka zura, aka danna. Zoben ya ɗan zabura kamar wanda sauro ya ciza, ya koma ya kwanta. Aka sake, haka. Aka ƙara batiri, haka. Gwaggo Laure ta shiga madafa ta yi kukanta ta share.

Ta uku Marsiyya, mai haɗa wutar sola a Zariya, wadda ita ce ta ɗaya a ajinsu, kuma har yau bakinta bai mutu ba. Da aka kira ta a waya aka gaya mata abin da ke faruwa, sai ta ce, “Ku biyun nan har yanzu kuna bayan aji. Wutar batiri hanya ɗaya take bi, zobe kuwa canji yake ji. Lokacin da kuka danna ne kawai aka sami canji, shi ya sa ya zabura sau ɗaya. Wuta mai kai da komo yake so, irin ta layi.” Sai an sami inbata ke nan, mai mayar da wutar batiri irin ta layi, a garin kuma ba mai wadda za ta ɗauki na'urar. Sai ta kwance ta gidanta, ta bar mijinta da 'ya'yanta da fitilar hannu, ta hau motar haya da cikin wata bakwai, inbata a cinya, ta iso da azahar ƙafafunta a kumbure.

Suka shiga ɗaki da kayan. Gwaggo Laure ta ce, “Malam, 'ya'yanka sun kawo aikin gida, sai ka duba.” Bai waiwayo ba. Ta yi bisimilla ta danna da kanta. Zoben ya tashi ya bugi kwanon rufi, ya faɗo ya gangara ƙarƙashin kujera.

Malam ya juyo. Ɗan'azumi ya ɗauko zoben ya mayar. Gwaggo Laure ta kai hannu za ta sake, sai ta ji an ture hannunta. Hannun daman nan ne na Malam, yana jan kansa a kan zanin gado har ya kai ga makunni. Ya danna, zobe ya tashi. Ya danna har sau biyar, hawaye na bin kuncinsa. Sannan ya buɗe baki, harshen da nauyi, ya ce, “Laure, yunwa nake ji.”

Yanzu Malam yana takawa da sanda har masallaci, ya kuma koma yi wa mutane gyara a magana. Ran nan ya ce wa matarsa na'urar nan ba za ta koma ƙarƙashin gado ba, ta ba wanda ya tashe shi a cikin yaran. Ta ce, “Wanne ke nan?” Ya ce, “Ni na yi ritaya daga ba da maki.”

Ga Gwaggo Laure nan da akwati a gabanta, ukun duk tana son su kamar ita ta haife su. Kowannensu yana cewa a ba ɗan'uwansa, amma ta lura ba wanda idonsa ya bar kan akwatin. Na'ura ɗaya ce, ba ta rabuwa. Ba don Bara'u ba, da ba maganaɗisu. Ba don Ɗan'azumi ba, da ba abin da zai tashi. Ba don Marsiyya ba, da har yau zabura kawai yake yi.

To, ku da kuka iya gardama, wa za ta miƙa wa?