Sabuwar Ƙofar Garejin Pak Darmaji

A unguwarmu ta bakin teku a birnin Semarang an yi wani mutum, Pak Darmaji, wato Malam Darmaji a harshenmu, ma'aikacin ofis a tashar jiragen ruwa. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, salla ba ta wuce shi. Aibinsa ɗaya ne: ba ya zama da mutane. Duk wata mazan layi kan taru a gidan ɗayansu, a sha shayi da soyayyar ayaba, a yi maganar kwata da fitilar titi da masu gadi. Tun da ya sayi gida a cikinmu, kuma bai jima da saye ba, bai taɓa zama a kan wannan tabarma ba. Cewa yake zancen masu sayar da kifi ne. Matarsa Bu Ratmi ita ce kunnensa. Abin da ta jiyo wajen mata shi yake sani, abin da ba ta jiyo ba kuwa ya wuce shi.

Wata shekara ya sayi mota, irin doguwar nan mai kujeru uku. Dalilin sayenta uwarsa ce, Mbah Ponirah, da ke ƙauye can wajen Wonogiri. Ƙafafunta sun daina ɗaukarta, ta daɗe ba ta je filin Idi ba, ta daɗe ba ta hau tudu ta ziyarci kabarin mijinta ba. Ya yi mata alkawari a waya cewa bana zai zo da mota, shi da kansa zai kai ta duka biyun ranar Salla. Da azumi ya kama, jikin tsohuwa ya ɗan motsa, sai Bu Ratmi ta riga shi tafiya don ta kula da ita. Aka bar Pak Darmaji a gida shi kaɗai, ba kunne.

Tsohuwar ƙofar garejin irin mai naɗewa sama ce, kuma ruwan gishiri ya cinye gindinta har kyanwa na shiga ta fita. Kowa ya san ƙasarmu nutsewa take yi a hankali, teku kuma na hawowa kwata duk lokacin da ya ga dama. Pak Darmaji ya ce sabuwar mota ba za ta kwana bayan wannan tsatsar ba. Bai tambayi kowa a layi ba. Ya hau bas ya tafi can unguwannin kan tudu, inda ruwa bai taɓa zuwa ba, wajen wani mai walda da ake kira Mas Gunarto.

Mas Gunarto ya ciro waya ya yi ta nuna masa hotuna. Ga mai naɗewa sama, ga mai ninkewa gefe, ga wadda ake turawa a kan dogo, ga mai ɗan maɓalli da kana cikin mota za ka latsa ta buɗe. Ga ta baƙin ƙarfe, ga ta farin ƙarfe, ga ta katako. Kan Pak Darmaji ya ɗaure, ga azumi, ga rana.

"To wacce ce ta fi?" ya tambaya.

"Wadda ka saya ita ta fi, Pak."

"Ita wannan mai naɗewar fa?"

"Tana da kyau. Duk masu shago ita suke sawa."

Wannan kalma ta kashe maganarta. Pak Darmaji ya tuna cewa a layinmu kowace ƙofar gareji ko dai naɗewa take sama ko ninkewa gefe, ya ɗauka talauci ne ya sa haka. Ya nuna wani gida tsallaken titi mai manyan ƙyaure biyu baƙaƙe da zanen furanni.

"Irin waccan nake so."

"Ciki za ta buɗe ko waje?"

Ya yi lissafi. Motar ta cika garejin har baki, babu inda ƙyaure zai juya ta ciki.

"Waje. Kuma ka sauke ta ƙasa sosai, kada ɓera ya sami wurin wucewa. Ƙarfen ma mai kauri."

Ranar da aka kafa ta, gaskiya ta yi kyau, ba zan hana ta haƙƙinta ba. Mas Gunarto ya liƙe hinjin da walda ta ko'ina don kada ɓarawo ya kwance, ya karɓi kuɗinsa ya koma tudunsa. Maƙwabta suka tsaya daga nesa suna kallo. Pak Kasmuri, shugaban layi, wanda ke sayar da kifi a kasuwa, ya matso tare da Mbah Tukimin, tsohon mai keken ɗaukar fasinja.

"Ƙofa ta yi, Pak," in ji Mbah Tukimin. "Ta kwana nawa ce?"

"Kwana nawa kamar yaya? Ƙarfe ne fa. Har jikokina."

"To, madalla. Akwai wata ta baya ke nan."

"Wace baya? Bayan gidana kwata ce."

Mbah Tukimin ya dubi Pak Kasmuri, Pak Kasmuri ya dubi ƙasa. Mu nan ba a gaya wa magidanci magana gatsal a ƙofar gidansa. Kewayawa ake yi, mai hankali ya ɗauka.

"Waje take buɗewa, na gani," in ji Pak Kasmuri. "Da ma ina so in zo kan maganar Lahadi mai zuwa. Da za ka kai motar filin masallaci ta ɗan sha iska..."

"Motata ba ta jin zafi. In aikin gayya ne kuma, ba ni da lokaci. Zan aiko muku da abin buɗe-baki."

Ya shige gida ya bar su a tsaye. A ransa ya ce hassada ce, amma maganar ta ƙi zama daidai a kansa. Me ya haɗa mota da shan iska?

A kwanakin da suka biyo baya abubuwa suka yi ta faruwa da bai gane kansu ba. Tifa ta zube yashi da tsakuwa a bakin layi, ya ce wani ne zai yi gini. Ya ga mutane na tura baburansu zuwa filin masallaci suna barinsu a can, ya ce ko ɓarayi ne suka addabi layi ba a gaya masa ba. Wata safiya ya tarar da jan fenti an ja shi a jikin kowane bango, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, har da ginshiƙin sabuwar ƙofarsa. Ya ɗauko kananzir ya goge nasa yana zagin yaran unguwa.

Bu Ratmi ta kira shi da yamma.

"Pak, akwai labari a layi?"

"Babu. Sai yashi da suka zube suka tare hanya."

"Yashi? Da tsakuwa?" Muryarta ta canza.

Kafin ya amsa ya ji tarin tsohuwa daga can ciki, Bu Ratmi ta ce tana zuwa, ta kashe waya. Da ya sake kiranta ya tambayi abin da ya sa muryarta ta canza, da an huta. Bai kira ba.

Ranar Lahadi tun da sassafe ya tafi babbar kasuwa sayen tsarabar Salla, zannuwa da gwangwanayen biskit da sukari. Bai dawo ba sai gab da magariba. Ya tarar da layi a rufe, an shimfiɗa katakai ana bi ta kai, ƙarƙashinsu ɗanyen kankare sumul daga wannan baki zuwa wancan. Ya ce a ransa, ashe gyaran titi ne, to da sai su faɗa. Da ya zo ƙaramar ƙofar gidansa ƙafarsa ta zurma ƙasa har ya kusa kifewa da kaya. Ya tsaya yana duban dokin ƙofar. Da safe ai ba gangarawa yake yi ba. Aka kira salla, yunwa ta ɗauke tunanin. Motar kuwa tana lulluɓe, ba ya fita da ita aiki, yana tattalinta don ƙauye.

Ranar jajibiri ya tashi da wuri. Ya shiga gareji ta cikin gida, ya loda tsaraba, ya goge gilashi, ya tayar da mota ta ɗumama. Ya zare sakata ya tura ƙyaure. Ya motsa kamar faɗin yatsa ya tsaya. Ya tura ɗayan, haka. Ya mayar da sakata ya sake zarewa. Ya zuba mai a hinji. Ya sa kafaɗa. Ya kashe mota ya zauna yana kallon ƙofar, ya rasa ta ina ta lalace, ga ta sabuwa fil.

Ya kira Mas Gunarto.

"Ƙofarka ta ƙi buɗewa."

"Ka zare sakata, Pak?"

"Yaro ne ni?"

"To ban sani ba. Ina cikin jirgin ƙasa, na tafi gida. Sai bayan Salla."

Sai a lokacin ya zagaya ta waje. Gindin ƙyauren nan biyu na can ƙasa, sabon titi ya tsaya a gabansu ya yi musu katanga, ya bushe ƙam. Ya daɗe a tsugune yana shafa siminti da hannu.

Yawancin gidaje a kulle suke, samari da magidanta duk sun tafi garuruwansu. Ya ƙwanƙwasa ƙofofi biyu bai ma san sunan da zai kira ba. A ƙarshe ya je gidan Pak Kasmuri, wanda a nan aka haife shi, ba shi da ƙauyen zuwa. Suka dawo tare, Mbah Tukimin na biye da su.

"Kun binne mini ƙofa," in ji Pak Darmaji.

"Titi muka ɗaga, Pak. Duk 'yan shekaru haka ake yi kafin Salla, don baƙi kada su taka ruwa. Tun kafin azumi aka yanke a taro, jan fentin nan na bango ma alamar inda zai kai ce."

"Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Na ce ka kai ta filin masallaci."

"Cewa ka yi ta sha iska."

"Ni kuma na tambaye ka ta kwana nawa ce," in ji Mbah Tukimin. "Ka ce har jikoki. To ga shi nan, za su same ta a rufe lafiya lau."

Pak Darmaji ya ce a fasa titin daidai ƙofarsa. Pak Kasmuri ya girgiza kai. Titi na jama'a ne, kowa da guminsa a ciki, ba shi da ikon ba da izini shi kaɗai sai mutane sun dawo an zauna. Aka ce a cire ƙyauren, sai ga hinji a liƙe da walda. Duk masu walda da aka kira sun rufe shago. Mbah Tukimin ya kawo zarton ƙarfe, tsofaffin nan biyu da bakinsu da azumi suka karɓa suna yi suna hutawa, Pak Darmaji na yi, har hannunsa ya yi kanta. Ƙarfe mai kauri ya ce a sa, mai kauri kuwa aka sa. Bayan azahar zarton ya karye, ko hinji ɗaya ba a gama ba.

Ya ɗauki abin da zai iya ɗauka a hannu ya nufi tasha. Kowa ya san yadda tasha take ranar jajibiri. Babu kujera, babu wurin tsayuwa. A can ya kwana a kan kayansa, a can ya ji kabbarorin Idi. Sai da rana ta ɗaga ya sami wata babbar mota mai ɗaukar kwakwa ta rage masa hanya, ya ƙarasa a kan babur.

Ya isa ƙauye bayan la'asar. Mbah Ponirah na zaune a baranda da farin mayafin sallarta, kwandon furannin da za ta zuba a kabarin mijinta a cinyarta, sun yi yaushi. Bu Ratmi ta ce tun asuba take nan. Wani maƙwabci ya ce zai goya ta a babur, ta ƙi, ta ce ɗanta na zuwa da mota. An gaya mata ba zai iso ba, ta ce ƙarya ne.

Ya durƙusa a gabanta kamar yadda ake yi ranar Salla, ya ɗora goshi a gwiwarta yana neman gafara. Ta leƙa bayansa tana duban hanya.

"Ina motar?"

"Tana gida, Mak," in ji shi, don haka ake kiran uwa a wajenmu.

"Ta lalace?"

"Lafiyarta ƙalau."

"An sace ta ne kake ɓoye mini?"

"A'a. Tana gareji. Ƙofa ce ta ƙi buɗewa."

"To ka sa sabuwa mana."

"Sabuwa ce, Mak."

Tsohuwa ta dube shi, ta dubi Bu Ratmi, ta sake dubansa. Ta miƙa wa surukarta kwandon, ta ce a kama ta a kai ta ɗaki. Sallar baɗi ba ta same ta a duniya ba.

Darasin a fili yake, kuma ku ji shi da kyau. In ka ga duk mutanen wuri suna yin abu iri ɗaya, kada ka ce talauci ne ko rashin wayewa, ka tsaya ka tambayi dalili kafin ka kashe kuɗinka. Ƙofar gidanka taka ce, amma titin da take buɗewa a kai na jama'a ne, kuma labarin titi a bakin jama'a yake. Wanda ya fi ƙarfin zama da maƙwabtansa, ranar da suka yi masa maganar da za ta cece shi ba zai gane ta ba, kuma sau da yawa ba shi kaɗai zai sha wahalar ba, har da wanda ke zaune yana jiransa.