Yajin da ya maƙale a hancin Rana

Dalilin da ya sa tantabara, duk iya sanin hanyarta, wani lokaci sai ta fita ta kasa komowa gida, ba ɓarawo ba ne. Kai Tanimu, zauna ka ji, ka daina zargin 'ya'yan maƙwabta da satar maka tsuntsaye.

A can da, Rana da Ƙasa ya da ƙanwa ne masu zumunci, kuma Tantabara ce 'yar aikensu. Don kada ta ɓata, Ƙasa ta shimfiɗa mata wani zare daga kudu zuwa arewa. Ido ba ya ganinsa, a ka take jin sa, ko a rufe idonta yake sai ya kawo ta ƙofar ɗakinta.

Wata shekara barkono ya yi kyau. Ƙasa ta daka yaji da citta da masoro, ta ƙulle a tsumma, ta ce a kai wa yayarta. Tantabara kuwa tana kan ƙwai biyu, na farinta. Ta ce wa mijinta, "Maigida, ɗan zauna mini a kansu kada su huce, yanzu zan dawo."

Ya ce, "Ni namiji, a kan ƙwai?"

"Tukuicin Gwaggo Rana ba ƙarami ba ne. Tare za mu ci."

Jin tukuici, sai ya gyara zama.

Kun san ɗan aike idan ya kai kyauta, miƙawa yake yi ya koma gefe, a ba shi abin da ya samu. Tantabara kwaɗayi ya hana ta. Da ta isa, Rana ta ɗebo mata dawa cikin ƙoƙo, ita kuwa ta ga kamar ta yi kaɗan.

Ta ce, "Gwaggo, ai ba ki ji ƙamshinsa ba. Da kin ji, da kin ƙara."

Ta kwance ƙullin a daidai hancin Rana, har da yi masa fifita da fiffike.

Rana ta yamutse fuska, ta ja numfashi, ta saki atishawa. Dawar nan ta fashe ta zama gugguru, ta watse. Iska mai zafi ta taho har duniya, ta kaɗa zaren Ƙasa ya cukurkuɗe. Tantabara ta nufo gida, zaren ya kai ta gidan agwagwa. Ta sake tashi, ya sauke ta a rumbun wasu mutane, aka bi ta da muciya. Nan fa tsoro ya kama ta, ta yi kuka sosai, don ta san mijinta ba mai haƙuri ba ne, yana tashi ƙwan sun lalace.

Sai bayan kwanaki da iskar ta lafa zaren ya miƙe, ta iso gida wujiga-wujiga. Ta tarar da shi yana nan bai motsa ba, ƙafa ta sage, 'ya'ya biyu suna leƙowa ta ƙarƙashinsa.

Ya ce, "Sannu da hanya. Ina tukuicin?"

Ta sunkuyar da kai.

Shi ya sa har yau, duk sanda yajin ya motsa a hancin Rana ta yi atishawa, zaren ya kaɗu, rediyon kakanku ya daina kama tasha, tantabaru su ɓata. Naka ma za su dawo, Tanimu. Namijin nan da kake gani yana kumbura wuya yana zagaya macen yana gunaguni, ba soyayya ba ce. Tukuicinsa yake tambaya.