Kifin Farko da Rawanin Bulama

Akwai wani masunci mai suna Haruna, mutumin ƙasar Mali, da ya shekara ashirin a Tudun Tarwaɗa cikin fadamar Haɗeja, shi da jama'arsa.

A al'adar garin, kifin farko na kowace shekara gidan Bulama ake kai shi. Da Bulama ya rasu, 'ya'yansa biyu, Tukur da ƙanensa Abdulfattah, suka shiga takarar rawani. Kowanne ya aika wa Haruna cewa shi za a kawo wa kifin.

Haruna ya ce, "Mu baƙi ne, ba ma naɗa sarki." Ya ba da kifin sadaka ga marigayi.

Da hantsi Tukur ya iso bakin ruwa da magoya bayansa, riƙe da jarkar fetur.

"Kai baƙon banza! Ruwan ubana kake ci, ka hana ni kifin ubana?"

"Ranka ya daɗe, ba raini ba ne."

"Rufe mini baki! Kwana uku na ba ku ku bar garin nan."

Nan take suka ƙone kwalekwale ɗaya.

Washegari jami'in ofishin jakadancin ƙasar Mali ya iso da motoci biyu saboda su Haruna. Ya ce, "In babu mai lamunce mini rayukansu, yau zan kwashe su, kuma zan rubuta abin da na gani."

Da Abdulfattah ya miƙe zai lamunce, mutanensa suka ce masa, "Ina ruwanka? Ai kai ma sun hana ka kifin."

Ya ce, "Na ji haushi, ban musa ba. Amma Baba ne ya ba su wurin nan da bakinsa."

Ya je ya zauna cikin kwalekwalen Haruna, ya dubi Tukur, wanda ya sake zuwa da jarkarsa. "Yaya, zuba fetur ɗin."

"Munafuki! Rawani kake nema!"

"Ko kai aka naɗa, a nan za ka same ni."

Tukur ya juya yana zage-zage. Jami'in ya koma da motocinsa babu kowa a ciki.

Ranar zaɓe, Malam Tasi'u, babban masu zaɓen Bulama, ya ce, "Tukur, kai ne babba, kuma kai muka yi niyya. Amma wanda ya ƙone jirgi saboda kifi ɗaya tun bai hau ba, in ya hau me zai ƙone?"

Abdulfattah aka naɗa.

Darasi: Baƙo amana ne, ba itacen hura wutar rigimar gida ba. Wanda bai iya tsare raunana ba, bai cancanci rawani ba. Ku tura wa 'yan'uwa, ko wani mai neman mulki zai karanta ya yi hankali.