Sarkin da Ya Ƙarar da Ƙananan Kaji

An ce wani sarki ya ga fatake sun zo da waɗansu kaji manya masu nauyi, ya raina kajin ƙasarsa saboda ƙanƙantarsu. Ya yi umarni a yanka kowace ƙaramar kaza da zakaranta, a raba wa mutane manyan su yi iri.

Wazirinsa, wani dattijo mai suna Barmo, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, kowace kaza gadon iyayenta take ci. Manyan nan nama suka gada. Namu ƙwai suka gada, da kwanci, da jure wa cutar ƙasar nan."

Sarki ya fusata, ya tuɓe shi, ya kore shi ƙauye.

Ba a daɗe ba aka ga manyan ba su cika yin ƙwai ba, kuma in sun yi ba sa kwanci. Da annobar kaji ta shigo, sai ta share su, akurki ya zama kango. Matan da mazansu suka rasu, waɗanda da ƙwai suke ciyar da marayu, suka shiga bara, yara da yawa suka mutu kafin lokacin kaka.

Sarki ya hau, ya tafi neman Barmo, ya tarar da shi kwance a wata bukka, ciwo ya cinye shi. Ya zauna a ƙasa kusa da shi, ya tambaye shi wace kaza ce ta fi kowace nauyi.

Barmo ya ce, "Wadda gida ɗaya ke rataye a wuyanta, ya sarki."

Sarki ya tambaya ko akwai irinta da ta saura, ko guda ce, a fanshe ta da doki.

Barmo ya ce, "Da akwai. Wata tsohuwa, Tabawa, ta ɓoye tata cikin rumbu saboda jikokinta. Dogarawanka suka ji kukanta, suka yanka ta, suka yi wa tsohuwar bulala a gaban yaran. Ita ce ta ƙarshe."

Sarki ya sunkuyar da kai, hawaye ya jiƙe masa gemu. Ya roƙi Barmo ya koma kan muƙaminsa, amma dattijon bai kai sati ba ya cika. Sarki ya buɗe rumbunansa ga marayu, ya aika ƙasashen maƙwabta roƙon iri.

Har ya mutu yana gaya wa 'ya'yansa cewa farkon adalci shi ne, kafin ka raina ƙarami, ka tambayi wa yake ciyarwa.