Ranar da Sixten Ya Bar Motarsa a Bakin Teku

Akwai wani mutum a nan tsibiranmu na Oland, sunansa Sixten. Na ce "a nan", amma gaskiya ya daɗe da komawa birnin Istokholm, inda ya yi arziki, ya kuma koyi kallon mutane daga sama zuwa ƙasa.

Mahaifinsa, tsoho Gottfrid, masunci ne da ke zaune shi kaɗai a can tsibirin ƙarshe. Tsufa ya kama shi, har aka yanke shawarar washegari za a mayar da shi gidan kula da tsofaffi a cikin gari. Yammacin wannan rana shi ne na ƙarshe da zai yi a gidan da aka haife shi. Sixten ya yi masa alkawari ta waya cewa zai zo su yi shi tare.

Ba hannu rabbana zai zo ba. Tun yana yaro yake jin mahaifinsa na sha'awar dogayen motocin Amurka na zamanin da. Sai ya nemi ɗaya ya saya, ja wur, mai fararen kujerun fata. A ransa yana hango yadda tsohon zai tsaya baki buɗe.

Kun san dai hanyar. Ka shiga babban jirgin ruwa da motarka, ya sauke ka a tsibirin tsakiya, ka ratsa tsibirin da sauri ka tari ƙaramin jirgi a ɗaya gefen. Ƙaramin nan na yamma in ya tashi, sai kuma gobe. Shi ya sa duk mai wuri a motarsa yake ɗaukar na ƙasa ya ratsa da shi. Ba a ma roƙo, sanar da kai kawai ake yi.

Ranar an tashi da hazo. Sixten yana gaban layin shiga babban jirgi da fitilun mota a kunne, sai ga wata tsohuwa, Runa, da takalmin roba duk taɓo da kwandon kifi mai banda a hannu. Ta leƙo ta taga ta ce in an sauka za ta bi shi zuwa ƙaramin jirgi.

Ya dubi takalmin, ya dubi kujerunsa.

"Iya, ki yi haƙuri, wannan motar ba ta irin wannan kaya ba ce. Ki duba baya, ba za ki rasa ba."

Ta ɗan jima tana kallon fuskarsa, kamar mai son tuna wani abu. Ta ce ba komai, ta wuce.

Aka shigar da motoci, tasa a gaba daf da ƙofa, yadda yake so. Ya rufe motar, ya shafa ta da hannun riga, ya hau saman jirgin.

Ni duk tafiyar da nake yi a duniya ban ga mai kwantar da rai irin wannan ba. Teku ta yi luf, fari fat kamar madara a ƙwarya. Ba ka gane inda ruwa ya ƙare sama ta fara. Can sai wani dutse ya ɓullo daga hazo da ɗan jan gida a kansa, ya bi ta gefenka a hankali, ya sake ɓacewa. Injin yana gurnani ƙasa-ƙasa a ƙarƙashin ƙafa. Mutane na shan kofi, ba mai ɗaga murya.

Sixten ya zauna a bakin taga. Ya ga kansa yana yaro a cikin kwale-kwalen mahaifinsa, tsohon yana nuna masa duwatsu yana kiran kowanne da sunansa. Ya ji ƙamshin kwalta da jiƙaƙƙiyar igiya. Ya ga mahaifiyarsa, wadda ta daɗe da rasuwa, tana ɗaga musu hannu daga bakin ruwa. Bai san lokacin da barci ya sace shi ba, kuma ko sau ɗaya fitilun motar ba su faɗo masa a rai ba.

Muryar lasifika ce ta tashe shi, ana cewa direbobi su sauka. Ya shiga mota, ƙofar jirgi ta buɗe, ya murza makulli. Motar ta yi wani ɗan tari, ta yi shiru. Ya sake murzawa. Ko tarin ma babu. Fitilu sun shanye tsohon batir tas.

Ga layi guda cur a bayansa, kowa na sauri. Ba wanda ya danna masa hon, mutanenmu ba su cika yi ba, amma wallahi wannan shirun ya fi zagi zafi. Ma'aikatan jirgi suka taru suka tura jar motar zuwa gefen tasha. Irinta ba ta tashi da turi. Suka ce za su kawo wayar haɗa batir su tayar masa, amma sai sun gama lodin masu komawa. Kafin nan ƙaramin jirgi ya yi nisa.

Ya tsaya yana kallon motoci suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowace cike da mutane da kaya. Sai a lokacin tsoro ya kama shi da gaske. Ya hango mahaifinsa zaune yana jira, jirgi ya zo, kowa ya sauka, babu shi. Ya so ya ɗaga hannu ya tsayar da wani, kunya ta riƙe masa hannun.

Motar ƙarshe wata tsohuwar a-kori-kura ce ta wani manomi, Alvar. Har ta wuce, sai ta ci birki. Runa ce a gaba da kwandonta a cinya.

Alvar bai so tsayawa ba, kuma bai ɓoye ba. Ya leƙo yana murmushin mugunta.

"Yallaɓai, tamu fa ba ta irin wannan kwat ɗin ba ce."

Runa ta ce masa ya rufe baki ya bar ɗan mutane. Sannan ta juyo.

"Kai ne Sixten na Gottfrid ko? Tun ɗazu nake cewa na san goshin nan. Hau baya, na tabbata babanka yana can bakin ruwa yana jiranka."

Ya waiwaya ya dubi motarsa. Ba a taɓa barin ta a waje ba, ga hazo na sauka a kanta. Ya cusa makullin a aljihu, ya haye bayan a-kori-kura, ya zauna a kan buhun dankali.

Suka ratsa tsibirin cikin hazo, bishiyoyi na fitowa suna komawa. Suna isa ana shirin ɗage ƙofar ƙaramin jirgin. Mai jirgin ya hango Alvar, ya dakata musu.

A cikin ƙaramin jirgin Sixten ya je wurin Runa zai ba ta haƙuri. Ba ta bari ya fara ba. Ta yago masa baƙin burodi da ɗan kifi, ta ce ya ci tukuna, ga dukkan alamu bai karya ba.

Lokacin da suka isa, hazo ya fara yayewa, rana ta yi ƙasa. Tsoho Gottfrid na zaune a kan dutse kusa da tasha, da sandarsa. Sixten ya zo har gabansa ya tsaya, tsohon yana ta kallon gefensa. Nan ya gane idanun sun tafi. Bai sani ba, don bai taɓa tambaya ba.

"Baba, ni ne. Na sayo maka wata mota ka gani, amma na baro ta a hanya."

Tsohon ya laluba ya kama hannunsa, ya riƙe gam.

"Mota? Da wane idon zan gan ta? Zauna nan kusa da ni. Faɗa mini abin da ke kan ruwa, gobe ba na nan."

Sixten ya zauna. Ya ce ga rana ta yi ja a kan teku, ga agwagin ruwa suna komawa gida. Ya fara kiran duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya manta sunansa, tsohon ya faɗa masa.

Darasi: Kada abin hannunka ya sa ka raina mutum, domin ranar da abin zai juya maka baya, mutanen da ka raina ne za su kai ka inda za ka. Iyayenka kuma ba kayanka suke jira ba, kai suke jira. Ku tura wa wanda ya daɗe bai leƙa gida ba, ko Allah zai sa ya kama hanya tun da sauran lokaci.