Kurege Jatau da Ƙaguwar Birnin Gaɓa

Ga ta nan tafe da zafinta, ku gyara zama.

Wani kurege ne a can tudu, sunansa Jatau, ɗan mitsitsi kamar ƙullin daddawa, amma bakinsa ya fi jikinsa girma. A gindin wata tsamiya yake zaune, bakin tashar da ake lodin albasa, kullum kunnensa na wajen hirar direbobi. Su kuwa ba su da zance sai na Birnin Gaɓa, garin da ke bakin teku. Wai duk wanda ya je bai sha farfesun kifin Kada ba, bai ci soyayyen jatan landen Dorina ba, bai fasa ƙaguwar Gwaggon biri ba, to bai je ba, wahalar hanya kawai ya sha.

Jatau ya tara kuregun unguwa ya bugi ƙirji. "Ukun nan duk sai na ci su, kuma ko ƙwayar gyaɗa ba zan bayar ba. In na dawo da saura ɗaya, ku kira ni Sha-ƙamshi har in mutu."

Suka ce sun ji, sun kuma riƙe. Kun san kurege da tsiya, sunan da suka liƙa maka sai jikokinka sun gada.

Ya ɓuya cikin buhunan albasa, mota ta kai shi Birnin Gaɓa. Kwana uku za ta yi ta juyo. Da ya sauka ya ga teku, ya yi tsaye yana ƙifta ido, ya ce, "Wannan kogin, ina aka kai ɗaya gaɓar tasa?" Sai ƙamshi ya ja shi ta hanci har rumfar Kada.

"Sannu da aiki, Baba Kada. Ni ne harshen direbobin tudu. Motoci arba'in na bayana, kuma ba sa tsayawa sai inda na nuna musu da jela."

Kada, uban haɗama, jin arba'in ɗin nan sai ya washe haƙora ya ciko kwano. Kifi ne wanda aka fito da shi daga ruwa da safiyar nan, ya sha attaruhu da citta da kanumfari. Jatau yana kurɓa yana share hawaye, hanci na zuba, amma bai ɗaga kai ba sai da ya ga gindin kwano.

"Kan kifin na ji shi," in ji shi. "Sai dai direbobi mutanen wutsiya ne, kuma ban ji wutsiya ba."

Aka ƙaro wutsiya. Ya ce to tsakiyar fa? Aka ƙaro tsakiya. Da tumbi ya yi tiɓis, ya ce Baba ya fita bakin titi ya tare motoci kada su wuce. Kada ya fita ya kafa wa hanya ido har rana ta yi ja, ko amalanke ba ta tsaya ba.

Da gari ya waye, labari ya cika kasuwa wai wani jan kurege ya yi wa Kada wanka babu ruwa. Jatau ya birgima cikin toka ya koma fari fat, ya kifa ɓawon kwakwa a ka, ya saƙala tsinke a kunne, ya nufi wurin Dorina yana taku ɗai-ɗai.

"Inna Dorina, ni ne sabon dubagari. An kawo ƙara wai akwai mai suya da man shekaranjiya a layin nan. Ban ce ke ce ba. Harshena ne zai faɗa, kuma bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Dorina, duk girman nan nata, sai ta hau rantse-rantse. Ta turo masa faranti cike da jatan lande, sun soyu sun yi ja, an barbaɗe su da yaji, ga soyayyar ayabar agada a gefe. Jatau ya ɗaga ɗaya ta gashin baki ya duba, ya ce a ransa, ashe fara ce ta koyi iyo. Ya jefa a baki ya ji ƙurus-ƙurus, daɗi ya kusa sa shi rawa, amma ya murtuke fuska.

"Na sama lafiya lau. Shi mugun mai a ƙasa yake ɓuya."

Haka ya bi mugun mai har ƙasan faranti bai same shi ba. Ya lashe yatsu ya ce ta ci jarrabawa. Baiwar Allah har da yi masa godiya.

Da gari ya waye, saura ƙaguwa, kuma da azahar mota za ta tashi. Yanzu kowa a kasuwa ido yake zubawa ya ga baƙo. Jatau ya laɓe bayan kwando ya ji mata na hira, wai a garin nan ɗan masunta in ya dawo daga teku, ba a hana shi ƙaguwa ɗaya, shi zai zaɓa da hannunsa. To fa, an gaya wa ɓarawo inda ƙofa take. Ya shafe jikinsa da manja, ya manna ɓawon kifi, ya rataya guntun komar kamun kifi a kafaɗa.

"Barka da kasuwa, Kawu," ya ce wa Gwaggon biri. "Kwanana tara a kan ruwa. A cikin kwalekwale aka haife ni, da ruwan gishiri aka yi mini wankan farko. Ina rabona?"

Gwaggon biri ya kalle shi sama da ƙasa, ya nuna da haɓa. Kwanduna biyu ne. Ɗaya na jajaye, ɗaya na baƙaƙe masu ɗaure da zaren kaba. Ko ɗan yaye a Birnin Gaɓa ya san ja ita ce dafaffiya, baƙa kuwa da ranta, shi ya sa ake ɗaure mata hannuwa. Amma Jatau ɗan tudu ne. A garinsu abin da aka ɗaure da kaba shi ne na manya. Ya ce a ransa, jajayen nan na talakawa ne, an bar su a buɗe. Ya jawo baƙa mafi girma.

"Ɗan masunta," in ji Gwaggon biri a hankali, "kwancewa za ka yi?"

"Kawu, ni da ƙaguwa tun muna yara."

Ya warware zaren. Ya juya zai nemi wurin zama ke nan, ƙaguwar ta ɗaga hannun nan nata mai kama da awartaki ta damƙe masa jela.

"Wayyo Inna, abincin nan cizo yake!"

Kasuwa ta ɗauka da dariya. Yana tsalle ɓawon kifi na zuba, jan gashi ya bayyana. Kada ya taso yana huci, Dorina ta biyo da matsamin suya, ta sakar masa ɗaya a gadon baya. Gwaggon biri ya cafke ƙaguwarsa ta baya ya ja, Jatau ya ja ta gaba. Ita kuwa ƙaguwa in ta ji wuya sakin hannunta take ta tsira. Ɓalas, hannu ya cire, Jatau ya wuntsila cikin kwata, ya tashi ya ranta a na kare, ya cimma mota tana tafiya ya ɗare.

Can cikin albasa ya zauna yana nishi, baya ya kumbura, rabin gashin jela ya tafi. Da ƙyar ya ɓamɓare hannun ƙaguwar. Ya juya shi, ya sa haƙori ya fasa, haƙori ɗaya ya ɓantare. A ciki ya sami ɗan nama ɗanye, mai sanyi da ƙarni, bai kai ƙwayar wake ba. Ya rufe ido ya haɗiye.

"Uku cif," ya ce, yana tofar da guntun haƙori. "Babu wanda ya ce sai dafaffiya. Su ma mutanen banza, wa ke sayar da abinci da ransa?"

Ƙurunƙus. Kan kifin dai na mai ba da labari ne.